Bututun da Aka Binne a Gonata

Shekarar da aka kashe layin waya a ƙasarmu, har sai mutum ya shiga mota ya yi nisa kafin ya ji muryar ɗan'uwansa, ita ce shekarar da muka baro ƙauyenmu na Kakangi. Ku manyan kuna tuna tafiyar. Ƙananan kuwa sai abin da kuka tsinta a bakin mutane, na kuma san abin da ake faɗa: wai ubanku infoma ne, ya yi wa mutanen daji aiki. Shi ya sa tun ranar da hannuna ya saba da biro a ajin yaƙi da jahilci na ƙudura zan rubuta muku wannan da kaina, ko zai ɗauke ni wata uku. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuraren da ni ma har yau ban gane su ba. Zan rubuta su yadda suke.

Abin ya faro ne shekara guda kafin nan. Hedimastan firamarenmu ya zo mini da wani baƙo daga jami'a, siriri, mai yawan murmushi, kowa Dakta yake ce masa. Wuri yake nema da ya yi nesa da titi da kwanon rufi, aka ce masa ai sai gonar Isiyaku, don ita ce ta ƙarshe kafin a shiga dajin da ya miƙe har Kamuku. Hanyar da ta bi ta gefenta a lokacin ta ƙafa ce, sai masu itace da shanu. Mai unguwa ya sani, ya kuma yarda. Aka haƙa rami iya ƙugu, aka sa wani farin bututu na roba, a cikinsa akwai wani abu da bai fi sabulun wanka girma ba, aka mai da ƙasa. Daga nan aka ja waya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa gindin ɗorawa, inda aka kafa akwati da batir da farantin sola, da wani ɗan farin abu a kan sanda kamar an kife ƙoƙo. Aikina uku ne. In goge farantin kullum da safe, in duba ko koriyar fitilar akwatin tana ƙiftawa, sannan kada in bar ƙarfe ya matso kusa da bututun, taku ashirin ta kowane gefe. Ba fartanya, ba garma, ba keke, ko wuƙar ƙuguna sai in ajiye.

Na ce, "To ciyawa fa, Dakta?"

Ya ce, "Da hannu, Malam Isiyaku. Ka yi haƙuri."

Haƙuri ba ya mini wuya. Abin da na nema kawai shi ne ya gaya mini me abin yake yi, don kada a tambaye ni in yi shiru. Muka zauna a gindin ɗorawa, ya tambaye ni ko na san keke mai dainamo. Na ce babanmu ya yi irinsa, taya na juyawa fitila na kamawa.

Ya ce, "Madalla. To can sama, sama da gajimare, sama da inda jirgi ke bi, akwai iska siririya. Hasken rana yana dukanta har ta ɗauki caji. Zafin ranar kuma yana sa ta kaɗawa. Ita kuwa ƙasar nan da muke zaune a kai, gaba ɗayanta maganaɗisu ce. Iskar ita ce tayar, ƙasa ita ce dainamon. Sai lantarki ya tashi, ya riƙa gudu ya nufi gabas kamar kogi, ya fi ƙarfi da tsakar rana. Inda ya fi cika kuwa, kusan ta saman ƙasarku yake bi. Abin da muka binne shi yake jin wucewarsa."

Na ɗaga kai na duba. Ba komai sai shaho guda.

Na ce, "Iskar ce ke tura lantarkin ke nan."

"I. Shi kuma lantarkin yana ɗaga abin da ke can, wajen magariba ya cilla shi sama sosai, ya kuma taɓa tafiyar iskar."

"To wa ke tura wani?"

Ya yi dariya ya ce, "Duka biyun. Abin da muke son ganewa ke nan."

Nan na ɓace. Da ya ga haka sai ya tambaye ni ko ina da rediyo. Ya ce ban lura ba, tashoshin nesa da rana da ƙyar suke fitowa, da yamma kuma su fito, su yi ta zuwa suna komawa kamar mai magana yana tafiya? Ya ce muryar can sama take zuwa ta dawo, in wurin ya motsa sai ita ma ta motsa. Wannan kam na yarda da shi, don na sha bugun rediyona a kan laifin da ashe ba nasa ba ne. Shi kaɗai na riƙe da kyau. Ya bar mini takarda mai hatimi, ya nuna mini wani ɗan kati a cikin akwatin, kamar na waya, ya ce duk abin da aka ji a nan yake taruwa, ba ya zuwa ko'ina sai ya zo da kansa ya ɗauka. Ya ce amana ce. Na ce na karɓa.

Da na kai labari gida, mahaifiyarku Hajara tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Malam, wutar nan da ke wucewa ta kanmu kullum, ba za a sauko mana da ko ta cajin waya ba? Garin da ko fitila ɗaya babu?"

Yayana Ɗanjuma, wanda gonarsa ke jikin tawa, shi abin dariya ya samu. In ya hango ni na ajiye fartanya da wuƙa a kan iyaka na shiga ina tsige ciyawa da yatsu, sai ya dafa garmarsa ya ɗaga murya.

"Isiyaku, ka manta ba ka tuɓe takalmi ba! In ka idar ka sa mu a addu'a!"

Haka muka yi shekara, ana dariya. Dakta yana zuwa duk bayan wata biyu, ya canza kati, ya sha fura, ya koma.

Damina ta biyu ce ta zo da wani hali. Mutanen daji suka matso. Hanyar ƙafar nan ta gefen gonata ta zama tasu, ka ga sawun babura da safe har cikin kunya. Hedimasta ya kwashe iyalinsa ya koma gari, makaranta ta rufe. Dakta bai zo ba, hanya ba ta biyuwa. Sai kuma aka kashe layi. Ana cikin haka, ranar wata Talata da rana tsaka aka zo aka kore shanun noman Alhaji Mudi guda huɗu daga cikin wani kwari inda ya ɓoye su, wurin da ko matansa ba duka suka sani ba. Kowa ya ce akwai mai ba da labari. Wa ke nan? Da me yake ba da shi, tunda duk wayoyin gari sun zama na kallon hoto? Sai aka tuna akwai abu ɗaya a garin da fitilarsa ba ta daina ƙiftawa ba, yana bakin hanyar daji, yana da ƙoƙo a kan sanda, mai shi kuma ba ya barin kowa ya matso.

Ba wanda ya faɗa mini a ido da farko. Na dai ga in na iso dandali hira takan mutu. Hajara tana sana'ar daddawa, sai kwano ya wuni ba a aiko saye ba. Wata rana da hantsi ta same ni ina wasa lauje.

Ta ce, "Malam, ka je ka tone abin nan ka jefa a rafi."

Na ce, "Amana ce, Hajara."

"Mu fa? Mu ba amana ba ne?"

Na ce mata in na tone shi a ɓoye za a ce na ɓoye shaida, mu jira Dakta ya zo ya yi bayani da bakinsa, kwana nawa ne. Ta dube ni ta ce ita ba ta san Dakta ba, ba ta san sama ba, ta dai san ba a amsa mata sallama a gidan suna. Na yi shiru na ci gaba da wasa lauje. Wannan shirun shi ne shawarar da na yanke, ko da yake a lokacin ban ɗauke shi shawara ba. Na ɗauka jira nake yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Mai unguwa ya sa aka kira ni zaurensa. Zauren ya cika har waje. Ya ce, "Isiyaku, ba tuhuma ba ce. Ka gaya wa jama'a abin nan mene ne, hankali ya kwanta." Na miƙe. Tun a hanya nake jera maganar Dakta a kaina, amma da na buɗe baki sai ta watse. Na ce akwai kogi a sama. Na ce ƙasa taya ce, sai na tuna ba haka ba ne, na ce a'a, iskar ce tayar. Na ce da magariba abin yana tashi.

Wani ya ce, "Wane abin?"

Na ce, "Abin da ke can."

Alhaji Mudi ya ce, "Iskar da ba ta kaɗa ganye? Wutar da ba ta ƙona tsuntsu? To mun ji. Me ya sa duk faɗin ƙasar nan sai a bakin hanyarsu?"

"Lokacin ba hanyarsu ba ce, Alhaji."

"Me ya sa yake gudun ƙarfe? Mu dai aljani muka sani da wannan."

Na kawo zancen rediyo, wanda shi na fi ganewa, sai ya zama na ƙara wa kaina. Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko! Da bakinsa ya ce murya tana zuwa sama ta dawo." Na fito da takarda mai hatimi. Ashe da Turanci take. Aka miƙa wa wanda ya taɓa yin firamare, ya juya ta, ya ce ya ga an rubuta Kakangi, sauran kuwa sai hedimasta. Na duba wajen Yaya Ɗanjuma ko zai ce wani abu, ko da irin ba'arsa ce. Kansa na ƙasa yana wasa da carbi.

Sai na ce a kawo Alƙur'ani. Na yi alwala a gaban kowa, na dafa, na rantse cewa abin nan ba ya ganin mutum, ba ya jin mutum, bai san wucewar kowa ba, sama kaɗai yake saurare. Mai unguwa ya ce magana ta ƙare, wanda ya rantse an bar shi da Allah. Aka watse. Wasu sun ba ni hannu.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina durƙushe ina tsige ciyawa a kan bututun, dawa ta riga ta fid da kai, sai na ji babura. Guda uku ne, kowanne da mutum biyu, da bindigogi. Suka ratso cikin gona suka tsaya dab da ni. Labarin zaure ya kai musu ke nan, wanda ya nuna lallai akwai mai kai labari a garin, sai dai wannan lissafin daga baya na yi shi. A lokacin abin da ya fara zuwa kaina, kuma Allah ya sani ba jarumta ba ce, shi ne ga ƙarfe a kan bututu.

Na ce, "Don Allah ku ɗan ja baburan baya."

Suka dubi juna. Babbansu, wanda a haife na haife shi, ya sauko.

Ya ce, "Baba, kai ne mai waya da jirgin soja?"

Na ce ba ni da waya da kowa. Ya ce to mene ne wannan. Na sake ɗauko bayani, karo na biyu cikin mako guda. Wannan karon ma na fi jera shi daidai, ban san dalili ba. Keke, taya, dainamo, kogin da ke gudu gabas. Ya saurara har na gama, ya ɗaga kai ya dubi sama yadda na taɓa dubawa.

Ya ce, "Baba, ko dai kai taɓaɓɓe ne, ko ka raina mana hankali. Tone."

Na fara tonewa da hannu. Ɗayansu ya yi tsaki ya je ya ɗauko fartanyata a kan iyaka ya jefo mini. Da bututun ya fito suka fasa shi da gindin bindiga, suka juya ɗan abin da ke ciki, suka kara a kunne, suka yar. Suka ɓalle akwatin, suka kwance batir da farantin sola suka ɗaure a babur. Babban ya ce in jirgi ya zo musu a makon nan, sun san gidana. Suka tafi. Ko mari ba su yi mini ba. Na daɗe a zaune, sannan na je na laluba cikin fasasshen akwatin, na zaro katin na sa a aljihu, don shi ne abin da aka ce in kula da shi.

Rashin marin nan shi ya ƙarasa ni. Masu aiki a gonakin kusa sun kwanta cikin dawa suna kallo. Abin da suka gani shi ne na yi doguwar magana da mutanen daji, na tone abu na ba su, sun ɗauki kaya, na dawo gida da ƙafata. Bayan la'asar Yaya Ɗanjuma ya shigo, bai zauna ba.

Ya ce, "Isiyaku, gobe da safe akwai motar gawayi. Ka kwashi yaran nan."

Na ce, "Yaya, kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ban san abin da na yarda da shi ba. Na daji sun ce kai na jirgi ne, na gari sun ce kai na daji ne. Ni ɗaya ba zan iya tare maka ƙofa biyu ba."

Hajara ba ta ce ai ta faɗa ba. Ta tashi ta fara naɗe tabarmi.

Muka sauka cikin gari, a unguwar Magajin Gari, a ɗaki ɗaya gidan kawunta. Na shiga dako a kasuwar hatsi, ina ɗaukar buhunan wasu. Da yamma na shiga ajin manya, don takardar nan mai hatimi ta tsaya mini a rai, na ce ba za a sake miƙa mini abin da zai kashe ni ko ya cece ni ina juya shi kamar faifai ba. Bayan an dawo da layi, hedimasta ya nemo mini Dakta. Ya zo har gidan. Da ya ji abin da ya faru ya cire tabarau ya ce shi ya jawo mini, ya kamata ya tara gari ya yi musu bayani tun farko, ya kuma rubuta takardar da Hausa. Na ce ya riga ya wuce. Na ba shi katinsa.

Ya buɗe kwamfuta a kan tabarma ya ce in matso in ga abin da na yi gadi. Wani zare ne yake tafiya, ya hau ya yi tudu ya sauko, ya sake hawa, a jere kamar kunyoyin gona. Ya ce kowane tudu tsakar rana ce guda, kogin ke nan yana cika yana janyewa. Na ji wani sanyi a raina, don ashe dai akwai shi. Sai na lura a wajen ƙarshe zaren yana da wasu ƙayoyi, tsini-tsini, inda na farkon ba su da su.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya ce, "Datti ne. Ƙarfe ne ya wuce kusa. Share su muke yi."

Na ce ya duba mini wata Talata, na kwatanta masa makon. Ya duba. Ga su nan cunkus, wasu kafin azahar, wasu bayanta. Tafiyarsu ɗaukar shanun Alhaji Mudi da dawowarsu.

Na ce, "Dakta, ashe yana gani."

"Ba ya gani, Malam Isiyaku. Ƙarfe kawai yake ji. Bai san babur ba, bai san garma ba. Kuma bai gaya wa kowa ba, sai yanzu da muka buɗe."

"Amma ya rubuta wucewarsu."

Ya ce, "Ya rubuta."

Ni kuwa na dafa Alƙur'ani na ce bai san wucewar kowa ba. Washegari na je wajen limamin unguwa na kwashe duka na gaya masa, har da keken. Ya ce shi bai gane zancen kogin ba, amma wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne, daga baya ya ga ba haka ba, babu kaffara a kansa. Na yi godiya. Duk da haka na yi azumi uku, don zuciyata ba ta zauna ba. Har yau in na zauna ina juya abin, sai in ga mutanen zaure sun yi kuskure, sai kuma in ga tambayarsu tana da wuri. Abin da na tabbata da shi kaɗai, kuma shi nake so ku riƙe, ban taɓa kai labarin kowa wurin kowa ba. Laifina shi ne na karɓi amanar abin da ban iya bayaninsa ba, kuma da uwarku ta ce in tone, na ce a jira.

Ga abin da jiran ya ci. Gonar gado ɗaya, da dawar da ke kanta, ban yanki ko zangarniya ba. Rumbu biyu. Ɗaki uku da na gina da hannuna, an ce damina biyu ta kwantar da su. Awaki shida, mun bar su a ɗaure. Sana'ar daddawar Hajara. Karatun biyu daga cikinku na shekara guda. Sai Yaya Ɗanjuma, wanda ya rasu bara a ƙauye. Tun ranar motar gawayi ba mu sake haɗuwa ba, labarin kuma bai iso ni ba sai bayan an yi bakwai.